Sai Talata, In Ji Tunau

Ku matso ku ji labarin Tunau na Kwarin Maje, mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙin bin umarni ba, ba a kuma taɓa sa shi aiki aka huta ba.

Su uku ne a gidansu. Akwai mahaifiyarsa Inna Tabawa, mai faɗan baki da sanyin zuciya. Akwai yayarsa Lantana, malamar firamare. Sai shi gogan naku, ƙato mai gemu, shekara talatin da 'yan kai. In ka ce ya ɗebo ruwa, to ka faɗa masa inda zai tsaya, in ba haka ba sai ya cika randa, ya cika tukwane, ya cika kaskon kaji, ya zo yana tambayar ko da sauran abin zubawa.

Ta huɗunsu, in za a ƙirga da ita, tsohuwar kwamfuta ce da ke zaure, wadda mahaifinsu marigayi Malam Sidi malamin gona ya bari. In an kunna ta sai ta yi gurnani, ta yi tari, mutum ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta buɗe ido. Da ita Lantana ke buga wa mutanen gari katin biki da takardar neman aiki in ta taso daga makaranta. Amma abin da ya sa ake lallaɓa ta wani bidiyo ne da ke cikinta. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, Malam Sidi ya ɗauki iyakar fadamarsa da ta ɗan'uwansa Baffa Jatau da kyamarar wurin aiki. Bara ambaliya ta tafi da aduwar da ke kan iyakar, sai Baffa Jatau ya tashi ya ce kusan rabin fadamar Inna nasa ne. Fadamar nan kuwa ita ce cinsu, ita ce shansu. Dagaci ya ce a bari a kwashe albasa tukuna, sannan a zauna, kowa ya kawo shaidarsa. Shi kuma bidiyon ɗan taurin kai ne: an kwafe shi an kai wasu na'urori, ba abin da ke fitowa sai duhu da ƙara. A cikin tsohuwar nan kaɗai yake buɗuwa.

Mai kula da lafiyarta taubashinsu ne, Mudassir ɗan goggonsu, mai gyaran kwamfuta a birni, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka rago ba. Shi ya tara su a zaure ya yi musu bayani.

"Manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa," ya ce. "Kullum ɓarayin intanet na gano wata kafa a jikinta, kullum sai an toshe. Abin toshewar shi ake kira sabuntawa. Ni zan riƙa samo ta duk wata, in zuba a filashi, in aiko."

Da yake motar kasuwa da hantsi take isowa, lokacin Lantana na aji, sai karɓa da sakawa suka faɗo kan Tunau. Inna ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni Tabawa." Mudassir ya nuna masa ramin da ake soka filashi, sannan ya ɗaga yatsu uku.

"Buɗe kunnenka, ɗan kawu. Ranar Talata. A hannun Bagobiri direba. Cikin ambulan mai sa hannuna. In ukun nan ba su cika ba, kada ka karɓa, ko wane ne ya kawo."

"Ko wane ne?" in ji Tunau.

"Ko wane ne! In kuma ta fara sabuntawa, kada ka tashi daga gabanta sai ta gama."

Wata rana, Talatar farko ke nan, Bagobiri ya kawo ambulan. Tunau ya soka filashi, ya zauna ya naɗe ƙafa. Na'ura ta fara aiki, ta kai kashi talatin da bakwai cikin ɗari, sai ta cije, ta fito da wata 'yar tambaya a fuskarta. Inna kuwa ta tafi barka, ta bar shanyar tumatir a tabarma a ƙofar zaure. Can sai ga awakin unguwa. Tunau ya daka musu tsawa daga zaune. Suka ɗago suka dube shi, suka gane ba tashi zai yi ba, suka ci gaba da hidimarsu.

"Ku ci dai," ya ce musu. "In ta gama za ku gane kurenku."

Da Inna ta dawo, tabarma ce kawai ta rage, ita ma an ɗan taɓa gefenta.

"Tunau! Kana zaune awaki suka cinye min shanyar kwana huɗu?"

"A kan idona aka yi, Inna. Su bakwai ne. Ta gidan Kande ta fi kowacce ci."

Ana cikin haka Lantana ta shigo, ta leƙa fuskar na'urar, ta danna wurin da aka rubuta To. Kafin mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa, sabuntawa ta kammala.

"Me ya hana ka danna tun ɗazu?"

"Zama aka ce in yi, Yaya."

"To daga yau, duk abin da ta tambaye ka, ka danna mata To!"

Haba Lantana! Malama guda, ki faɗa wa Tunau "duk"?

Wata rana liman ya sa a buga masa katin ɗaurin auren ɗansa guda talatin, don 'yan uwa da maƙwabta. Lantana ta shirya komai da safe, ta ce wa Tunau in firinta ta gama bugawa ya raba wa mutane. Ashe sabuntawar watan ta taɓa kan firinta, ta koya mata tambaya. Tana gama talatin sai ta ce, a sake bugawa? Tunau ya danna To. Ta gama, ta sake tambaya. To. Haka suka yi ta yi, ita ba ta gaji da tambaya ba, shi bai gaji da amsawa ba, har takardar zauren ta ƙare a kati ɗari uku da sittin. Mutanen Kwarin Maje suka ƙare, kati bai ƙare ba, sai ya hau keke ya zaga ƙauyuka huɗu. Ranar aure, tirƙashi! Jama'a har kan katanga, wasu ko sunan angon ba su taɓa ji ba. Shinkafa ta ƙare kafin a shafa fatiha. Liman ya zo zaure da la'asar, rawaninsa a karkace, ya rasa ta inda zai fara.

"Allah gafarta Malam, akwai saura goma sha ɗaya," in ji Tunau. "Ko in kai Tungar Gero?"

Ran nan aka rage masa To zuwa guda ɗaya tak a rana, kuma ya riƙe ƙa'idar kamar ransa.

Wata rana Mudassir ya zo ya daidaita wa firinta hankali. Ya tarar kalmar sirrin buɗe kwamfutar sunan Inna ce, wadda duk wanda ya taɓa zama a zauren ya sani. Ya yi ta faɗa, ya ce wannan ai barin ƙofa ne a buɗe. Don ya tsokani taubashinsa, sai ya tura masa kujera.

"Zo ka sa sabuwa, shugaban tsaro. Kada ka faɗa wa kowa. Ko ni na durƙusa na roƙe ka, kada ka faɗa."

Ya juya baya yana dariya, Tunau ya rubuta abinsa. Da yamma Lantana ta zo buga takarda.

"Mece ce sabuwar kalmar?"

"An ce kada in faɗa wa kowa."

"Ni ce fa, yayarka!"

"Ai ke ma kina cikin kowa, Yaya."

Aka kira Mudassir a waya. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ce wasa yake yi. Tunau ya ce, "Ka ce ko ka durƙusa. Yanzu ko durƙusawar ma ba ka yi ba." Daga ranar, ba mai buɗe na'urar sai shi. Yakan lulluɓe kansa da madannan kwamfutar da babbar riga, a ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a hankali, sannan ya fito yana gumi kamar wanda ya taso daga huɗa. Labari ya kai kunnen Baffa Jatau. Ya zo da tsire a takarda, ya zauna kusa da shi yana ta sa masa albarka.

"Ɗana, wai me kake rubutawa a ƙarƙashin rigar nan?"

Tunau ya cinye tsiren tas, ya lashe ƙuli, ya ce, "Abin da aka ce kada in faɗa ne, Baffa. Allah ya saka da alheri, naman ya yi daɗi."

Wata rana motar Bagobiri ta lalace a hanya, bai iso ba sai washegari. Ya tsaya a ƙofar zaure, duk jikinsa baƙin mai, ya miƙo ambulan. Tunau ya mayar da hannayensa baya.

"Yau Laraba."

"Kai, ka san wahalar da na sha kuwa? Ga ambulan, ga sa hannunsa, ga ni Bagobiri da raina!"

"Biyu sun cika. Saura ɗaya."

"To bari in ajiye maka a kan tebur, ka ɗauka ran Talatar."

"Ajiya ma karɓa ce."

Bagobiri ya kira sunan Allah, ya jefa ambulan gaban motarsa, ya yi ta yawo da shi kwana shida tsakanin buhunan albasa da fasinja, duk wanda ya shiga sai ya ba shi labari. Lantana kuwa, don tsoron kafar da ba a toshe ba, duk makon ba ta bar filashin kowa ya taɓa na'urar ba. Masu takardu suka yi ta komawa suna gunaguni, ita tana hararar ƙaninta, shi yana cin tuwonsa hankali kwance.

Aka kwashe albasa. Dagaci ya aiko cewa za a zauna ranar Asabar.

Wata rana, Alhamis, saura kwana biyu, sai ga Mudassir a kan babur, ya shigo gari a guje yana watsa kaji. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce labari ya bazu a dandalin hira na masu gyaran kwamfuta a waya: wata muguwar manhaja ta ɓullo, tsofaffin kwamfutoci take bi tana cinye abin da ke cikinsu. An turo musu sabuntawar gaggawa. Tun da safe ya sa wa tasa, ya sa wa mai kyamis, ya sa wa mai ɗaukar hoto, duk suna aiki lafiya lau. Ya zaro filashi daga aljihu.

"Buɗe ta, Tunau, maza!"

Tunau ya ɗaga yatsu uku ya dube su. Ya dubi kalandar bango, Alhamis. Ya dubi fuskar Mudassir, ba ta Bagobiri ba ce. Ya dubi filashin, tsirara yake.

"Sai Talata."

"Wace irin Talata? Asabar za a zauna! Ni ne fa na kafa dokar!"

"Ka ce ko wane ne."

Mudassir ya fizgi ambulan a kan teburin Lantana, ya jefa filashin ciki, ya lashe baki ya manne, ya rattaba hannu har biro na yaga takarda. Tunau ya duba da kyau, ya gyaɗa kai.

"Ɗaya ya samu."

Lantana ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ana nan sai Inna ta fito, ta tsaya a bakin zaure. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba.

"Tunau, tsoro nake ji," ta ce. "In na'urar nan ta mutu, fadamar babanka ta tafi. Ban da wata gona, ban da ƙarfin nema. Ka dubi Allah ka buɗe masa."

Hawaye suka zubo mata. Tunau bai taɓa ganin Inna tana roƙonsa ba, abin ya dake shi ƙwarai, shi ma idanunsa suka kawo ruwa. Ya sake ɗaga yatsun, ya ƙirga a hankali ko Allah zai sa su cika. Ba su cika ba. Sai ya ɗauko zanen da ake rufe na'urar da shi, ya rufe ta, ya zauna a gabanta yana kuka wiwi, yana cewa, "Sai Talata, Inna. Sai Talata." Mudassir ya ce ya cire hannunsa, duk abin da ya faru kada a neme shi, ya tashi babur ya tafi. Ran nan ba wanda ya yi wa Tunau magana a gidan, tuwonsa ma a ƙofar zaure aka dangwarar masa.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a, sai ga babur ya shigo a hankali, ko kaza ɗaya bai tayar ba. Mudassir ya sauka, ya buɗe kwamfutarsa ta hannu a gaban Lantana. Fuskar kwamfutar ja wur, ga rubutu ana cewa an kulle duk abin da ke ciki sai an fanshe shi. Ta mai kyamis haka, ta mai hoto haka. Ashe waɗanda suka baza labarin su ne suka turo sabuntawar, kuma ɓarnar a cikinta take, kwana ɗaya take yi a ɓoye kafin ta tashi. Injiniya guda ya zauna a ƙasa ya zabga tagumi. Inna ta dubi na'urarsu da ke lulluɓe, ta dubi ɗanta, sannan ta zauna a bakin ƙofa.

"Ai da ka jira Talata," in ji Tunau, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗora tsohuwar kwamfutar da batirinta a baro, aka tura ta ƙofar dagaci. Ta yi gurnaninta, ta yi tarinta, dattawa suna jira. Tunau ya shige cikin babbar riga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya fito. Lantana ta kunna bidiyo. Sai ga muryar Malam Sidi tangaram, kamar yana zaune a cikinsu.

"Bismillahi. Ga ni, ga ɗan'uwana Jatau, mun binne tsohon dutsen niƙa a gindin aduwar nan. Nan ne iyakarmu."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. A hoton ga Baffa Jatau da baƙin gemu, riƙe da fartanya, yana dariya yana cewa haka ne. Muryar Malam Sidi ta ci gaba: "Tunau, zo ka tsaya a kansa a gan ka. Kada ka motsa sai an ce ka motsa." Sai ga wani siririn saurayi ya zo ya ƙame, hannaye a manne da cinya.

Baffa Jatau ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ban musa ba, an yi haka. Amma ruwa ya tafi da aduwar, ya share wurin. Wa zai iya nuna inda dutsen yake?"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Tunau. "A wurin na wuni. Baba ya manta da ni ya tafi taro. Tun hantsi har la'asar ina kallon tsagar dutsen can ta bayan giginya, rijiya tana hannuna na dama."

Dattawa suka kwashe da dariya, don duk sun tuna ranar. Aka ɗunguma zuwa fadama. Tunau ya yi gaba, ya ɗan yi baya, ya karkata kai har giginya ta daidaita da tsagar dutse, sai ya ƙame, hannaye a manne da cinya.

"Tsaya nan, kada ka motsa," in ji dagaci.

Aka haƙa dab da ƙafarsa. Ba a yi kamu uku ba fartanya ta ce ƙwal! Aka share ƙasa, ga dutsen niƙa kwance. Baffa Jatau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe nan ne. Tsufa ne, ranka ya daɗe." Dagaci ya ce tsufan ya tsaya daga nan zuwa can, fadama ta Tabawa ce. Aka shafa fatiha, jama'a suka juya gari ana ta mayar da zance. Mudassir da kansa ya tura baro zuwa gida, yana kauce wa kowane rami.

Sai da Inna ta zuba abinci ta ga kwano ɗaya ba mai shi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta dama fura, ta ɗauki mayafi, ta koma fadama. Yana nan inda aka bar shi, rana ta take, gumi na bin gemunsa.

"Wancan karon ma ni na zo na same ka," ta ce. "Motsa, ɗan Malam. An gama."

Ya motsa. Ya zauna a kan kunya ya shanye furar, ya goge baki. Suna tafiya gida sai ya ce, "Inna, ban taɓa To ɗina na yau ba. In mun koma ta tambaya ko a sake kunna muryar Baba, in danna?"

Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Danna, Tunau. Yau ka danna ko sau nawa ne."

To, kun dai san wanda aka faɗa wa. Har aka kira magariba Malam Sidi na ta magana a zaure, Inna na zaune a bakin ƙofa, kuma ba wanda ya ce a kashe.